Obadiraf a Asusun Albashi: Yadda Banki Ke Ƙirga Maka Kuɗin Ruwa

Jama'a masu sauraro, ga mu a filinmu na faɗakarwa kan sha'anin kuɗi da zaman yau da kullum. Gaisuwa ga mutanen Kado da ke nan Abuja, daga cikin rukunin gidaje har Kado Kuchi, da maƙwabtanmu na Jabi, Utako, Life Camp da Gwarimpa, da waɗanda ke cikin mota yanzu suna fama da cunkoso a hanyar komawa gida. Allah ya kai ku lafiya.

Maganarmu ta yau ta mai albashi ce, namiji ko mace, ma'aikacin gwamnati ko na kamfani. Da yawanku kun taɓa ganin saƙo ya shigo waya daga banki, ana cewa kun cancanci obadiraf, ku danna nan ko ku buga lamba kaza. Abin da ake nufi shi ne bankin ya yarda ka ci gaba da cirar kuɗi ko da asusunka ya koma babu ko sisi, har zuwa wata iyaka da ya yanka maka. Iyakar kan danganta da albashinka, kuma bankuna da dama kan tsaya a wajen rabinsa. Sharaɗin shi ne albashin ya riƙa shigowa ta wannan asusun, domin shi ne jinginar. Ranar da ya shigo, banki ne zai fara ɗebe nasa, kai kuma ka ɗauki saura.

Wannan ya sha bamban da rancen albashi da ake zuba maka dunƙule a asusu. Shi wancan, tun ranar da aka ba ka ake lissafa ruwa a kan dukkan kuɗin, ko ka taɓa su ko ba ka taɓa ba. Obadiraf kuwa, abin da ka ci kawai ake yi wa ruwa, kuma na kwanakin da ya yi a hannunka. Ku riƙe wannan magana ta kwanaki, domin a kanta komai ya rataya.

Ban zo nan don in ga laifin wanda ya ci bashi ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mai zaune a Kado ya san yadda masu gida ke neman kuɗin hayar shekara guda a dunƙule. Ya san abin da kuɗin mota ya koma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun watan Yulin 2024, kuma kowa ya san inda wannan kuɗi ke tsayawa a kasuwannin Abuja. Idan watan Satumba ya kama, ga kuɗin makaranta, ga littattafai, ga kayan sawa. Mutum bai shiga bashi don marmari ba. Abin da ke damuna shi ne a shiga ba a san yadda ake lissafin ba.

To mu yi lissafin tare. Wanda ke gida ya ɗauko biro da takarda. Mai tuƙi ya saurara kawai.

A ce ma'aikaci yana karɓar naira 300,000 a wata, banki ya yanka masa iyakar naira 150,000. Mu ɗauki ruwan a kan kashi 30 cikin 100 a shekara don sauƙin lissafi. Na bankinka yana rubuce a takardar da ka amince da ita. Ranar 15 ga wata saura naira 4,000 a asusunsa. Uwargida ta ce babu na miya, ya biya ta kasuwar kifi ta Kado, ya yi cefanen naira 24,000, ya miƙa kati aka zura a na'urar POS. Kuɗi suka fita lami lafiya, na'ura ba ta ƙi ba. Yana tsaye riƙe da leda alat ya shigo. Idan ya duba da kyau zai ga 20,000, amma da ɗan gajeren layi a gabanta, alamar ragi. Wannan ɗan layin shi ne shaidar cewa kuɗin ba nasa ba ne, bin sa ake yi. A wasu manhajojin ma sai ka ga an haɗe kuɗinka da iyakar bashin an nuna maka jimla guda a matsayin abin da za ka iya kashewa, sai mutum ya ɗauka yana da naira 130,000 alhali ba shi da ko kwabo.

Daga daren wannan rana kwamfutar banki ta fara aiki. Kowane dare, bayan an rufe harkokin yini, takan duba nawa ake bin asusun, ta ɗauki kashi 30 cikin 100 na wannan adadi, ta raba shi gida 365. Na naira 20,000 ya kama naira 16 da 'yan kwabbai a kwana. Ba za ka ga alat a kansa ba, ana tara shi ne a gefe. Ranar 20 ga wata makaranta ta aiko da takarda, ya tura cikon naira 80,000. Yanzu ana bin sa naira 100,000, ruwan kwana guda ya koma naira 82 da ɗoriya. Albashi ya shigo ranar 28. Kwana 5 na farko sun ba da kusan naira 82, kwana 8 na baya sun ba da kusan naira 658. Jimla naira 740. Tamkar tsohuwar mitar wuta ce: muddin ƙwai na kunne tana juyawa, in ka ƙara kunna dutsen guga ta ƙara gudu, in ka kashe komai ta tsaya.

Na san wani zai ce, ai naira 740 ba ta taka kara ta karya ba. Gaskiya ne. Idan abin ya tsaya a nan, mutum ya ci na kwana goma sha uku ya biya ya fita, obadiraf ya fi yawancin bashin manhajojin waya sauƙi nesa ba kusa ba. Amma ruwa ba shi kaɗai ake cira ba. Akwai kuɗin hidima da ake ɗauka lokacin buɗe maka ƙofar. Ƙa'idar cajin bankuna da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fitar, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020, ta ce wannan kuɗi kada ya wuce kashi 1 cikin 100, kuma sau ɗaya ake karɓarsa a kan sabon bashi. Idan an ɗora shi a kan iyakar naira 150,000, ya zama naira 1,500, a ƙara harajin VAT na kashi 7.5 a kansa, ya haura naira 1,600. Kun ga kuɗin hidima ya ninka ruwan. Wasu bankunan kuma kan haɗa da kuɗin inshora, wanda zai biya bashin idan mutum ya rasu. Saboda haka wanda ya buɗe obadiraf don ya ci naira 20,000 na kwana uku, abin da ya biya a zahiri ya fi ƙarfin kashi 30 ɗin da aka faɗa masa.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙar, wato watan da ke biye.

Albashin naira 300,000 ya shigo, banki ya ɗauke naira 100,740. Abin da ya rage wa bawan Allahn nan bai kai naira 200,000 ba. Amma buƙatun gidansa ba su ragu ba. Shinkafa na nan, gas na nan, kuɗin wuta da na mota na nan, ga 'yan'uwa a gida suna jiran aike. Kuɗin da a da ke kai shi tsakiyar wata, yanzu kafin 10 ga wata sun ƙare. Ya sake komawa ƙasa da sifili, wannan karon da wuri, kuma ya fi nutsewa. A wata na uku ko na huɗu sai ka tarar ya cinye iyakar duka. Naira 150,000 a kan wannan ruwa tana jawo naira 123 kowane dare. Idan yana kwana 20 a wata cikin wannan hali, ruwan wata ya kusa naira 2,500, na shekara ya doshi naira 30,000. Kuma bayan ya biya wannan duka, uwar kuɗin tana nan daram, ko naira ɗaya ba ta ragu ba.

Wannan ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Rance na yau da kullum yana da ranar ƙarewa: ka biya kashi-kashi, wata shida ko shekara, ka huta. Obadiraf ba ya matsa maka ka gama. Duk ƙarshen wata yana nuna maka kamar ka biya, domin asusu ya dawo sama, alhali da albashin watan gobe ka biya bashin jiya. Ma'aikaci sai ya shekara biyu yana zaune a kan rabin albashi a farkon wata da bashi a ƙarshensa, yana ganin kamar tsadar rayuwa ce kaɗai ke cin sa. Ga kuma sabuntawa: yarjejeniyar tana da wa'adi, kuma idan wa'adin ya cika aka sabunta ta, akan sake cirar kuɗin sabuntawa.

Akwai wata dabarar talla da nake so ku lura da ita. Sau da yawa ba a faɗa maka ruwan shekara, sai a ce kashi 3 ne kacal a wata. Uku ƙaramar lamba ce a kunne. Amma 3 sau 12, kashi 36 ke nan a shekara. Kashi 4 a wata kuwa 48 ne. Idan kuma ƙarshen wata ya yi, aka zuba ruwan da aka tara a kan asusun da ke ƙasa da sifili, ruwan ya shige cikin bashin, gobe da dare shi ma za a yi masa nasa ruwan. Bashin da aka bari shekara guda cur a kan kashi 3 a wata ba a taɓa shi ba, ƙarin da zai yi ya haura kashi 42. Don haka duk wanda ya faɗa maka na wata, ka ce ya faɗa maka na shekara.

Shi kansa ruwan ba a tsaye yake wuri guda ba. Bankuna na bin ma'aunin da Kwamitin Manufofin Kuɗi na CBN ke yankewa, wanda ake kira MPR. A watan Yulin 2023 ma'aunin yana kashi 18.75. A shekarar 2024, ƙarƙashin gwamnan bankin Olayemi Cardoso, an yi ta ɗaga shi don a shawo kan hauhawar farashi, har ya kai kashi 27.5 a watan Nuwamba. Sai a Satumban 2025 aka ɗan sassauta zuwa 27. Wanda ya sa hannu a 2023 bai kamata ya ɗauka ruwan da ya sani a lokacin shi ake cirar masa har yau ba. Ƙa'idar CBN ta wajabta wa banki ya sanar da kai aƙalla kwana 10 na aiki kafin ya fara amfani da sabon ruwa. Sanarwar kan zo ta saƙon waya ko imel, a tsakiyar tallace-tallacen da muka saba gogewa ba mu karanta ba. Ku riƙa buɗe saƙon banki, jama'a.

Wannan matsala ba a Najeriya kaɗai take ba. A Ingila, hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi ta tilasta wa bankuna daga watan Afrilun 2020 su daina cajin kullum-kullum na obadiraf, su faɗi ruwan shekara ƙarara. Da aka fito da lambar fili, manyan bankunan ƙasar da dama sun tsaya a wajen kashi 40 cikin 100. Ko a can, bashi ne mai tsada.

To idan albashi ya makara fa? Ma'aikatan gwamnatin tarayya da ke kan tsarin biyan albashi na IPPIS sun san yadda ƙaramar matsala a suna ko lambar asusu ke riƙe albashin mutum. Na kamfani ma sun san jira. Banki ba ya dakatar da ƙirga saboda laifin ba naka ba ne. Jinkirin kwana 10 a kan naira 150,000 ƙarin naira 1,200 ne da ɗoriya. Idan wa'adin biya ya wuce, tara ta shigo. Ƙa'idar ta ce tarar kada ta haura kashi 1 cikin 100 a wata na abin da ba a biya ba, bayan ruwan da ke gudana. Wanda ya cinye iyakarsa tas yana cikin haɗari na musamman, domin ruwan ƙarshen wata kaɗai ya isa ya tura shi ya tsallake iyakar.

Wani kuma sai ya ce, bari in mayar da albashina wani banki, su neme ni. Ɗan'uwa, wannan ƙofar an rufe ta. Tun ranar 1 ga Agustan 2020 CBN ya fara aiki da tsarin GSI. A cikin takardun da ka amince da su akwai izinin cewa idan ka gaza biya, bankin zai iya bin lambarka ta BVN ya ɗebo uwar kuɗi da ruwanta daga asusunka na kowane banki. Tarar ba ta cikin abin da aka yarda a ɗebo ta wannan hanya, amma sauran duk suna ciki. Bayan haka sunanka zai shiga kundin kamfanonin adana tarihin masu bashi, irin su CRC da FirstCentral. Ranar da ka tashi neman rancen gida ko na mota, wannan tarihin za a fara buɗewa. Idan aiki ya ƙare ko ka sauya wurin aiki, ka je banki da ƙafarka kafin su neme ka, ka nemi a mayar da bashin wanda za ka riƙa biya kashi-kashi.

Ba zan wuce ba tare da na taɓo abin da na san yana zuciyar yawancin masu sauraronmu ba. Ƙarin da ake ɗorawa a kan bashi saboda kwanaki, malaman Musulunci sun yi bayani cewa riba ce, kuma hukuncinta a bayyane yake a ƙarshe-ƙarshen Suratul Baƙara. Ƙanƙantar adadin ba ta sauya sunansa. Wanda ya riga ya shiga, ya tuntuɓi malaminsa, ya kuma ɗaura niyyar fita. Alhamdu lillahi yanzu akwai zaɓi. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, dukansu biyun hedikwatarsu na nan Abuja, sai Lotus da ya biyo baya a 2021. A tsarin murabaha, bankin ne ke sayen kayan da kake buƙata ya sayar maka da ƙayyadadden farashi, ka biya a hankali. Ba lallai ya fi araha ba, kuma kaya ake ba ka ba tsabar kuɗi ba, amma tun ranar farko ka san jimlar abin da za ka biya. A nan ma a karanta takarda, a yi tambaya. Akwai kuma ƙungiyoyin taimakon juna na ma'aikata a ma'aikatu da hukumomi, waɗanda wasunsu ke ba mambobi rance ba ruwa, ga adashi da iyayenmu mata suka daɗe suna riƙe gida da shi.

Ga wanda ke ciki yanzu, mafita tana cikin lissafin da muka yi. Tunda kwana ake ƙirgawa, duk kuɗin da ya shigo hannunka, alawus ne ko ribar ɗan kasuwancin gefe, ka zuba shi a asusun a ranar, kada ka jira ƙarshen wata. Na sha ganin mai naira 50,000 a asusun ajiya ko a manhajar waya, alhali ana bin sa 100,000 a asusun albashi. Mafi ƙarancin abin da CBN ya ce a ba mai asusun ajiya shi ne kashi 30 cikin 100 na MPR, wato kashi 8 da ɗoriya a shekara lokacin da ma'aunin ke 27. Karɓar 8 kana biyan 30 asara ce tsagwaronta. Sannan ka rage iyakar da kanka, mataki-mataki. Wannan watan ka tsaya a 120,000, na gaba 90,000, ka rubuta wa banki su sauko da ita yadda ko ka so ba za ka iya wucewa ba. Watannin za su yi ɗaci, ba zan ɓoye muku ba. A zauna da iyali a faɗa musu gaskiya. Uwargida da ta san halin da ake ciki ita ce za ta fi kowa taimakawa.

Wanda kuma bai shiga ba tukuna, kada ya danna maɓallin amincewa da tsakar dare cikin damuwa. Ka shiga reshe ka zauna gaban jami'in, ka ce: “Malam, don Allah nawa ne ruwan a shekara? Idan na ci naira 100,000 na kwana 15, nawa zan biya gaba ɗaya, da kuɗin hidima da inshora da haraji? Kuɗin hidimar a kan iyaka yake ko a kan abin da na cira? Idan albashina ya makara, me zai faru?” Ki ce, Hajiya, a rubuta miki amsar a takarda. Babu abin kunya a ciki, haƙƙinki ne, kuma jami'in da ya san aikinsa ba zai ji haushi ba.

A ƙarshen kowane wata ku nemi takardar bayanin asusu, ku bi ta layi-layi. Idan kun ga cajin da ba ku gane ba, ko wanda ya haura ƙa'ida, ku rubuta koke ga bankin, ku karɓi lambar shaidar koken, ku adana ta. Ana ba banki mako 2 ya warware, ko kwana 30 idan batun bashi ne ko cajin da ya wuce kima. In wa'adin ya cika ba a share muku hawaye ba, ku kai kuka Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na CBN. Hedikwatar na nan tsakiyar birnin Abuja, tafiyar mintuna ce daga Kado, kuma ba a biyan ko kwabo don shigar da koke.

Jama'a, lokaci ya cim mana. Roƙona gare ku shi ne, kafin ku kwanta yau, kowa ya buɗe asusun albashinsa ya duba watanni uku da suka wuce, ya ƙirga kwana nawa ya yi ƙasa da sifili a kowane wata, da nawa aka cire masa a kai. Idan kwanakin ƙaruwa suke yi, gobe da safe a nufi banki a nemi rage iyaka. Allah ya yaye wa masu bashi, ya sa albarka a abin da muke samu.